Daga Aji Zuwa Wurin Aiki: Matsayin Ofishin Jagorar Sana'a a Jami'a da Yadda Ya Shafi Ɗalibin Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara jami'o'in ƙasar nan sukan yaye dubban ɗalibai. A ranar bikin akan yi jawabai, a ɗauki hotuna, iyaye su yi murna, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Tambayar da ba a cika yi ba a wannan rana ita ce: ina waɗannan matasa suka nufa, kuma wa ya nuna musu hanya? Jami'a ta san adadin waɗanda ta ɗauka da waɗanda ta yaye, amma ba kasafai take bin sawun abin da ya same su bayan sun fita daga ƙofarta ba.

A ƙasashe da dama akwai wani ofishi na musamman a cikin jami'a wanda aka ɗora wa nauyin taimaka wa ɗalibi ya ƙetara daga karatu zuwa aiki. A wannan maƙala za mu kira shi ofishin jagorar sana'a. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa a dā akwai abin da yake haɗa koyo da neman abinci a ƙasar Hausa, cewa wannan mahaɗi ya tsinke a hankali, kuma cewa ofishin jagorar sana'a shi ne ya kamata ya maye gurbinsa, muddin ya fara aikinsa da ɗalibi tun daga shekarar farko. Za a duba tsarin gargajiya, da sauyin da boko ya kawo, da asalin wannan ofishi da ayyukansa. Daga nan sai a juyo kan ɗalibin Hausa, wanda shi ne aka fi yi wa tambayar nan ta “me za ka yi da wannan digiri?”

2.0 Yadda Bahaushe Ya Haɗa Koyo da Sana'a

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe bai san wata matsala da ake kira neman aiki bayan gama karatu ba, domin wurin koyo shi ne wurin aiki. Mafi yawan sana'o'i na gado ne: ƙira, saƙa, rini, jima, dukanci, wanzanci, fawa, gini da su. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga wuta tun yana ƙarami, daga nan a ba shi ƙananan ayyuka, har ya kai ga ƙera fartanya da garma shi kaɗai. Ranar da ya ƙware, ya riga ya san masu saye, ya san farashi, ya san inda ake samo ƙarfe da gawayi. Bayan haka kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, waɗanda ke sasanta rigingimu tare da kula da mutuncin sana'ar.

A fagen kasuwanci kuwa akwai tsarin maigida da yaronsa. Yaro yakan zauna da attajiri shekaru, yana tsaron kaya, yana rakiyar fatake, yana koyon ciniki da riƙon amana. Idan maigida ya gamsu da shi sai ya sallame shi da jari, ya kuma gabatar da shi ga abokan hulɗarsa. Har yau ana ganin irin wannan a Kasuwar Kurmi da Kantin Kwari a Kano. Almajiri ma, a tsakanin karatun safe da na dare, yakan koyi ɗinkin hula ko noma a gonar malaminsa, saboda haka ranar da ya yi sauka ba da hannu biyu yake komawa gida ba.

Idan muka duba da kyau za mu ga abubuwa huɗu da wannan tsari yake ba mai koyo: sanin sana'ar a aikace, sanin kasuwarta, sanin mutanenta, da kuma wani babba da zai tsaya masa. Tsarin yana da nasa naƙasu, domin ba ya ba yaro zaɓi sosai, kuma ɗan da aka haifa a gidan wata sana'a da wuya ya bar ta. Amma dai ba ya barin wanda ya gama koyo a tsaye bakin hanya. Waɗannan abubuwa huɗu su ne ma'aunin da za mu auna tsarin zamani da su.

3.0 Zuwan Boko da Zamanin da Aiki Yake Neman Ɗalibi

Ilmin boko ya raba wurin koyo da wurin aiki. Makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, an kafa su ne domin samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e da na gwamnati. Da yake hukumar da ta gina makarantar ita ce mai ɗaukar aikin, ba a ji zafin rabuwar ba. Yaro yana gama makaranta, gurbi yana jiransa.

Haka abin ya ci gaba, har ma ya ƙaru, a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Manufarsa ta cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa ta sa duk wanda ya yi karatu ya zama abin nema. A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, jami'o'i biyar kaɗai ke ƙasar nan. Sa'an nan aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, aka mai da su 19 a 1976, kowace jiha kuwa tana bukatar ma'aikatu da sakatarori da malamai. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya zo a 1974, shirin ilmin firamare na bai-ɗaya ya fara a 1976. A wancan zamani mai digiri yana iya zaɓen aikin da ya ga dama, kuma jami'a ba ta ga dalilin damuwa da makomarsa ba.

Al'amarin ya juya a farkon shekarun 1980, lokacin da farashin mai ya faɗi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu a 1982, aka rage ma'aikata da yawa a 1984, sa'an nan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP a 1986. A shekarun da suka biyo baya masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa a Kano suka rufe. A ɗaya gefen kuma jami'o'i suka yi ta yawa, har a yau sun haura 250. Ke nan masu fitowa sun ninka, guraben gwamnati kuwa ba su bi sahu ba.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna da abin lura a nan. A ƙarshen 2020 ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya hanyar lissafi, ta yadda wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ake ƙirga shi cikin masu aiki, sai adadin ya sauko ƙasa da kashi 5. Amma wannan sabon lissafi ya nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin aikin ofis mai albashi da fansho. Suna cikin noma ne da kasuwanci da sana'o'in hannu da makamantansu. Ɗalibin da ya shiga jami'a da tunanin 1975, watau ya gama a kira shi ma'aikata, yana shirin wata kasuwa ce da ta riga ta watse.

4.0 Asalin Ofishin Jagorar Sana'a

Wannan matsala ta riski ƙasashen Turai da Amurka tun kafin mu, saboda bunƙasar masana'antu ta raba 'ya'yansu da sana'o'in iyayensu. A Ingila, Jami'ar Oksfod ta kafa kwamitin sama wa ɗalibanta aiki a 1892. A Amurka kuwa wani malami mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan zaɓen sana'a a birnin Boston a 1908, kuma aka buga littafinsa a kan wannan fanni a 1909, bayan rasuwarsa. Ra'ayinsa ya tsaya a kan matakai uku. Na farko, mutum ya san kansa, watau baiwarsa da sha'awarsa da iyakarsa. Na biyu, ya san sana'o'in da ke akwai, da sharuɗɗansu da ladarsu da wahalarsu. Na uku, ya yi tunani mai kyau wajen haɗa waɗannan biyun. Har gobe a kan wannan tubali ake gina aikin.

A Nijeriya masana suna danganta farkon wannan aiki da Kwalejin 'Yammata ta Santa Tariza da ke Oke-Ado a Ibadan, inda a 1959 malaman makarantar suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukansu. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa jami'an ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A jami'o'inmu akan sami irin wannan sashe a ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai. Sai dai galibi an fi saninsa da sauraron matsalolin zaman makaranta da na jarrabawa, batun sana'a kuwa yakan zo a ƙarshe. Ɗalibi yana iya shekara huɗu bai taɓa sanin ƙofar ofishin ba.

5.0 Ayyukan da Suka Wajaba a Kan Ofishin

Aiki na farko shi ne taimaka wa ɗalibi ya san kansa. Da yawa daga cikinmu ba fannin da muka nema aka ba mu ba. Gurbin da ya samu muka karɓa. Irin wannan ɗalibi yana bukatar wanda zai zauna da shi tun a shekarar farko, ya tambaye shi abin da ya iya da abin da yake so, ya nuna masa inda fannin da ya tsinci kansa a ciki zai iya kai shi. Idan ba a yi haka ba sai ya yi karatun cin jarrabawa kawai, zuciyarsa tana wani wuri.

Aiki na biyu shi ne tattara labarin kasuwar aiki. Ofishin ya kamata ya san ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyin da ke ɗaukar mutane, da lokacin da suke ɗauka, da takardun da suke nema, ya kuma tantance sanarwar gaskiya daga ta 'yan damfara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti domin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, abin da ya nuna yadda matsalar ta yi tsanani. Matashin da ba shi da amintaccen wurin tambaya shi ne yakan sayar da gonar gado ya biya kuɗin takardar ɗaukar aiki ta bogi.

Aiki na uku shi ne koyar da dabarun neman aikin kansa: yadda ake rubuta takardar neman aiki, da yadda ake tsara takardar taƙaitaccen tarihin karatu da ƙwarewa, da yadda ake cike fom a intanet, da yadda ake amsa tambayoyi a gaban masu intabiyu. A nan akwai wata matsala ta al'ada da ta shafe mu. Tarbiyyar Bahaushe ta koya masa kunya da kawaici; ba ya yabon kansa, ba ya ɗaga ido ya dubi babba. Waɗannan halaye ne na kirki, amma mai intabiyun da bai san al'adar ba yana iya ɗaukarsu a matsayin rashin sani. Dole a koya wa ɗalibi yadda zai faɗi abin da ya iya a sarari ba tare da ya zubar da ladabinsa ba, kuma wannan sai da gwaji a gaban mutane kafin ranar.

Aiki na huɗu shi ne sada ɗalibi da wuraren aiki tun yana karatu, ta hanyar tura shi koyon aiki a lokacin hutu da kuma gayyato masu ɗaukar ma'aikata su baje kolin ayyukansu a harabar jami'a. Na biyar kuwa shi ne riƙe zumunci da tsofaffin ɗalibai. Su ne za su zama iyayen gidan zamani, masu tsaya wa na baya. Ɗan babban ma'aikaci yana da wanda zai buga wa waya. Ɗan manomi daga ƙauye, wanda shi ne farkon mai digiri a gidansu, ba shi da kowa sai jami'arsa. Saboda haka ofishin nan hanya ce ta yin adalci a tsakanin ɗalibai.

6.0 Shirye-shiryen da Muke da Su da Giɓin da Ke Cikinsu

Ba za a ce gwamnati ba ta yi komai ba. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, mai hedkwata a Jos, kuma shi ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu. A shekarar 1973 ɗin dai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima na shekara ɗaya, wanda aka fi sani da bautar ƙasa, kuma a 2012 aka shigar da koyar da sana'o'i cikinsa. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ta fara aiki a 1987. A 2006 kuma gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a riƙa koyar da darasin dogaro da kai a dukan jami'o'i.

Idan muka auna waɗannan da ma'aunin nan huɗu na tsarin gargajiya, za mu ga inda giɓin yake. Shirin SIWES ya fi karkata ga ɗaliban kimiyya da injiniya da noma da fasaha; ɗalibin harshe ko tarihi yakan gama digirinsa bai taɓa zama a wani wurin aiki ba. Bautar ƙasa an kafa ta ne da farko domin haɗa kan 'yan ƙasa bayan yaƙin basasa, kuma tana zuwa ne bayan an gama karatu, lokacin da ɗalibi ba zai iya sake zaɓen darussa ba. Makonni uku na sansani ba su isa a koyi sana'a ba. Darasin dogaro da kai kuwa sau da yawa ana karantar da shi ne a babban zaure ga ɗaruruwan ɗalibai a lokaci ɗaya, a yi jarrabawa a manta, kuma ba kasafai ake danganta shi da fannin da ɗalibi yake karantawa ba. Ana iya koya wa ɗalibin Hausa haɗa sabulu, alhali ba a taɓa nuna masa yadda zai sa wa aikin fassararsa farashi ba.

Babban naƙasun shi ne kowane shiri yana tafiya shi kaɗai, kuma babu wanda yake bin ɗalibi ɗaya daga shigarsa har fitarsa. Wannan shi ne gurbin ofishin jagorar sana'a. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Ɗalibin Hausa da Kasuwar Harshensa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa mai digirin Hausa ba shi da mafita sai koyarwa. Koyarwa sana'a ce mai daraja, kuma ko ita tana da sharaɗin da ya kamata ɗalibi ya sani da wuri: wanda bai haɗa digirinsa da fannin ilmi ba yana bukatar difilomar koyarwa ta bayan digiri da rajista da Hukumar Rajistar Malamai, wadda aka kafa a 1993. Amma tarihi ya nuna cewa kasuwar harshen Hausa ta fi aji faɗi.

Alhaji Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. Dokta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya ga baiwarsa, ya jawo shi kusa, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Abin lura shi ne baiwar tana nan tun farko, amma sai da aka sami gasar da ta fito da ita, da kuma wanda ya nuna mata hanya. Abin da ya faru da Imam bisa sa'a, shi ne ake son ofishin jagora ya mayar tsari.

Fanni na farko shi ne watsa labarai. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ban da na Jamus da na Sin. A cikin gida an ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin tun 1992, inda aka sami irin su Freedom Radio a Kano a 2003 da tashar Arewa24 a 2014, ga kuma jaridar Aminiya tun 2006. Amma kasuwar tana hawa tana sauka: a watan Maris na 2025 shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka suka tsaya sakamakon matakin da gwamnatin Amurka ta ɗauka a kan tashar. Wannan ya isa ya nuna amfanin ofishin da yake bin labari kullum.

Fanni na biyu shi ne fassara da tafinta. Tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai ji harshen da kotu take amfani da shi ba. Hukumomin lafiya da na zaɓe da ƙungiyoyin agaji suna bukatar masu mayar da saƙonninsu cikin Hausar da mutumin karkara zai fahimta, kuma kuskure ɗaya a fassarar bayanin magani yana iya jawo asarar rai. A Jamhuriyar Nijar, dokar da aka fitar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da zai ƙara bukatar masu fassara, musamman waɗanda suka haɗa da Faransanci.

Fanni na uku shi ne fim da ɗab'i. Tun fitowar Turmin Danya a 1990 masana'antar finafinan Hausa take bukatar marubutan labari da masu gyaran harshe, haka ma mawallafa littattafai suna bukatar editocin da suka san ƙa'idojin rubutu. Na huɗu shi ne fasahar zamani. Kamfanin Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma a 2016. Irin waɗannan manhajoji ba sa inganta sai da mutanen da suka san nahawu da karin sauti da bambancin karin harshe, masu iya gane inda na'ura ta yi kuskure.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fannoni yana neman wani abu a kan digirin. Jin Hausa kaɗai ba ya sa a ɗauki mutum, domin miliyoyi suna jin ta. Abin da ake saye shi ne iya rubuta ta bisa ƙa'ida, da ƙwarewa a harshe na biyu kamar Ingilishi ko Larabci ko Faransanci, da iya sarrafa kwamfuta, da kuma samfurin aikin da mutum ya taɓa yi. Duk waɗannan ana tara su ne a cikin shekaru huɗun karatu.

8.0 Shawarwari

Ga hukumar jami'a, ya kamata a ware ofishin jagorar sana'a da ma'aikatansa da kasafinsa, a gabatar da shi ga sababbin ɗalibai a makon farko, a kuma riƙa binciken inda ɗaliban da aka yaye suka shiga bayan shekara ɗaya ko biyu. Sakamakon wannan bincike shi zai nuna wa kowane sashe ko abin da yake koyarwa yana da masaya.

Ga sashenmu, akwai dama a sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a 2022, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ana iya amfani da wannan kaso a ƙarfafa darussan fassara a aikace, da rubutun rediyo, da gyaran rubutu. Haka kuma sashe yana iya naɗa malami ɗaya ya zama mahaɗi tsakaninsa da ofishin jagora, ya ƙulla yarjejeniya da gidajen rediyo da kotuna da maɗaba'u domin karɓar ɗalibai a lokacin dogon hutu. Kundin digiri ma ana iya zaɓen batunsa ta yadda zai zama shaida a gaban mai ɗaukar aiki, alal misali nazarin kalmomin kiwon lafiya ko na shari'a.

Ga ƙungiyar ɗalibai, ba sai mun jira hukuma ba. Makon Hausa da muke yi yana iya samun rana guda da za a gayyato tsofaffin ɗaliban sashe masu aiki a wurare daban-daban su gaya mana yadda suka shiga da abin da aka tambaye su. Wannan mujalla ita kanta wurin koyon aikin edita ce, kuma wanda ya yi rubutu a cikinta yana da abin nunawa.

Ga ɗan'uwana ɗalibi kuwa, matambayi ba ya ɓata. Ka nemi ofishin, ka shiga, ka tambaya tun kana aji ɗaya. 'Yar'uwa ɗaliba ita ma haka, musamman da yake fassara da gyaran rubutu ayyuka ne da ake iya yi daga gida.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an nuna cewa tsarin gargajiya ya ba mai koyo sana'a da kasuwa da mutane da majingina a wuri guda. Cewa boko ya raba su, gwamnati ta riƙe mahaɗin na wasu shekaru, sa'an nan ta sake shi tun shekarun 1980. An kuma nuna cewa shirye-shiryen da ake da su suna da amfani, amma sun warwatse kuma suna zuwa a makare. Ofishin jagorar sana'a ba zai ƙirƙiro guraben da babu su ba, wannan aikin tattalin arzikin ƙasa ne. Abin da zai iya shi ne ya tabbatar ɗalibi ya san abin da ke hannunsa da inda ake bukatarsa kafin ya fita. Ga ɗalibin Hausa, wanda harshensa yake da masu saurare daga Kano har Kumasi da Sudan, wannan sani shi ne zai ba shi amsar tambayar da aka daɗe ana yi masa. Muna fata malamanmu da hukumar jami'a za su dubi wannan batu da idon basira.